Ƙuri'ar ɗan majalisa ta wace ce?

Jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka. Duk ranar da EFCC ta gayyaci wani ɗan majalisa, zancen da za ka ji a teburan mai shayi, daga Ƙofar Soro har cikin Daura, ɗaya ne: mutumin da ake zargi da cin amana, da wane ido zai ɗaga hannu a zauren majalisa yana yi wa talaka doka?

Fushin yana da dalili. Amma mu tsaya mu duba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce mutum ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Kuma ɗan majalisa ba shi da rigar kariya. Sashe na 308 shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu kaɗai ya rufe. Ana iya kama shi, a gurfanar da shi, yana kan kujerarsa.

Abin da ake mantawa shi ne, ƙuri'ar nan ba tasa ba ce, aron ta aka ba shi. Jihar Katsina na da sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 15. In aka hana sanatan shiyyar Daura ƙuri'a don an buɗe masa fayil, mutanen Baure da Zango da Mai'adua aka rufe wa baki ranar kasafin kuɗi, su da ba su ci nanin ba. To wa ke buɗe fayil ɗin? Shugaban EFCC dai shugaban ƙasa ke naɗa shi. Ranar da gwamnati ke neman kashi biyu bisa uku na ƙuri'un majalisa, takardun gayyata goma sun isa su sauya lissafi. An fara shari'ar Bukola Saraki, shugaban majalisar dattawa na lokacin, a kotun ɗa'ar ma'aikata a 2015, sai 2018 Kotun Ƙoli ta wanke shi. Da an hana shi ƙuri'a, shekara uku ke nan an rufe wa mutanensa baki.

Ni a ganina, a bar masa ƙuri'arsa, a karɓe kujerar kwamiti. Shugabancin kwamiti kyautar majalisa ce, babu mai zaɓen da ya dangwala masa ita. Haka aka yi wa Farouk Lawan a 2012, da zargin karɓar cin hancin daloli a binciken tallafin mai ya fashe: aka sauke shi daga kwamiti, ya ci gaba da wakiltar Bagwai da Shanono har 2015. Kotu kuwa, don Allah ku ji, sai 2021 ta yanke masa hukunci. Sannan duk ranar da ake tattauna kasafin hukumar da ke binciken ɗan majalisa, ya tashi ya ba su wuri. Ba a ba kura ajiyar nama.

Wasu za su ce ai akwai kiranye, wato masu zaɓe su tsige wakilinsu. Akwai, a takarda. Sashe na 69 na neman sa hannun fiye da rabin masu rajistar mazaɓa, kafin ma a je ƙuri'ar raba gardama. An gwada a kan Sanata Dino Melaye a 2018, ta wargaje tun wurin tantance sa hannu.

Inda ya kamata 'yan majalisarmu su ji kunya shi ne bayan hukunci. A 2018 kotu ta ɗaure Joshua Dariye shekara 14, yana sanatan Filato ta Tsakiya. Yana gidan yarin Kuje, kujerarsa na jiran sa a majalisa, har wa'adinsa ya ƙare a 2019.