Mun gama Magana Jari Ce, to yanzu kuma sai me?

Assalamu alaikum jama'a, musamman iyaye masu karanta wa yara littafi kafin su kwanta. Yau zancen ranar da littafi ya ƙare za mu yi, don wallahi ban san abin yana da nauyi haka ba sai da ya faru a ɗakina.

Kusan shekara guda muka yi muna bin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi na ɗaya har na uku, kullum bayan sallar isha'i idan an shiga gidan sauro, in da wuta to, in an ɗauke in kunna tocilan waya in ɗora a kan filo. Ranar da na karanta shafin ƙarshe na rufe sai ɗakin ya yi tsit. Can autana ya ce "Umma, to gobe ina aku zai tafi?" Yayarsa kuwa juya baya ta yi ta ja zani ta rufe kai, ko addu'ar barci sai da na roƙe ta.

Ga abin da ya sa. Littafin nan, wanda na farkonsa ya fito a 1937, labari ne cikin labari. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri yana ƙulla makirci, aku kuma yana ta ba Musa ɗan sarkin labarai don ya hana shi fita daga fada. Kowane labari gajere ne, minti goma sha biyar kin gama, amma akun nan yana nan gobe, yana nan jibi, a littafi na biyu ya yi gasar labari da wani akun, a na uku ya koma koyar da ɗansa Fasih. Kin ga yaro ya saba da shi kamar wani ɗan gida. Ranar da aka rufe littafin, a wurin yaron kamar baƙon da ya shekara a gidanku ne ya ɗaure kayansa.

Kuskuren da na yi, washegari na ɗauko sabon littafi na buɗe da murnata. Ba wanda ya saurare ni. Ɗaya na wasa da igiyar gidan sauro, ɗaya na cewa ita dai a maimaita mata Kalala da Kalalatu. Na ji haushi har na ce to kowa ya kwanta, daga baya na ga ai ni ce na yi gaggawa.

Sai na ajiye littafi gaba ɗaya na kwana biyar. Muka koma ga ta nan ga ta nanku, ta zo mu ji ta, Gizo da Ƙoƙi, irin wadda kakata take mana a tsakar gida. Wani daren kuma na ce su ne za su ba ni labarin da suka fi so a cikin na aku, da bakinsu, kuma nan ne za ki sha mamaki, abin da kike zaton barci ya kwashe su ba su ji ba sai ki ji sun kawo shi tiryan-tiryan har da muryar Waziri. A dare na shida da kansu suka ce Umma yaushe za a fara sabo.

Toh, zaɓen. Ni dai ban yarda a ce wa yaro "zaɓi duk wanda kake so" ba, don hoton bango zai bi. Ni nake fara tacewa in kawo uku in jera a kan tabarma, in karanta shafin farko na kowanne, su kuma su yanke. Kuma don Allah ki riga su karantawa, ko da rana ne kina jiran tuwo ya silala. Misali Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, littafi ne mai kyau ƙwarai, amma labarin yaron da aka sace ne aka kai shi bauta, uwarsa ta bi sawunsa har ƙetaren sahara tana shan wuya. Ki karanta wa ɗan shekara biyar wannan da daddare, ke da barci sai dai wani daren. Na ajiye shi sai sun ƙara girma.

Ruwan Bagaja, shi ma na Abubakar Imam, daga gasar rubutu ta 1933 ya fito kamar Shaihu Umar ɗin, akwai dariya sosai tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, sai dai zambar da suke wa juna ta yi yawa, dole kina karantawa kina tsayawa kina cewa kun ga wannan ba hali ba ne. Na ukun shi ne Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda asalin labarin na wani jarumin Rasha ne aka mayar da shi Hausa, yaron da ya tashi ba ya iya tafiya daga baya ya zama barde. Littattafan soyayya na kasuwa kuwa ba ma sa cikin lissafi, waɗannan na manya ne.

Wani abu kuma, idan tazarar shekarun yaranki da yawa, ki auna da ƙaramin, babban zai bi. Kuma in an kwana uku ba wanda ya ce "Umma ƙara shafi ɗaya", rufe shi kawai ki ɗauko wani, ba jarrabawa za su rubuta ba.

A gidanmu Iliya ne ya ci, ƙuri'a biyu babu hamayya, wai saboda akwai doki. Jiya mun kai inda ya miƙe tsaye karo na farko, autan ya tashi tsaye a kan katifa shi ma har ya tsinke min igiyar gidan sauro guda ɗaya, yanzu haka allura da zare nake nema kafin magariba.