Hannu biyu a kan inji: aikin rage bishiya a Bamingham

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Yau a hular kwanona na ɗaura kyamara, don haka duk inda na juya kai nan za ku gani, sai ku yi haƙuri da jijjiga. Muna bayan wani gida ne a gefen birnin Bamingham na Ingila, sanyi kuwa ba a magana. Ga bishiyar can, sikamo suke ce mata, tsawonta zai kai mita 15. Babban reshenta ya miƙe kan rufin garejin maƙwabci, shi aka kira mu mu cire, sannan mu rage mata nauyi ta gefen titi.

Wani bawan Allah daga Zariya ya turo mini saƙo, wai duk bokon da na yi, saran itace na zo yi Ingila? Malam, na sha dariya. A nan kafin a yarda ka hau bishiya da zarton inji sai ka bi matakai. Ka ci jarrabawar gyaran inji da yanka gungume a ƙasa, ka ci ta kayar da ƙananan bishiyoyi, ka ci ta hawa da igiya da sauko da wanda ya ji rauni a sama, sannan a ƙarshe ta riƙe inji kana rataye. Tsofaffin hannu har yau da lambobinsu na da suke kiran su, CS30, CS31, CS38 da CS39, takardun kuma na hukumar jarrabawar sana'o'i ta City & Guilds ne. Ita kanta bishiyar tana da gata. Ogana ya riga ya duba da ƙaramar hukuma ko an sa mata dokar kariya, kuma da unguwar tana cikin waɗanda aka keɓe saboda tarihinsu, sai mun ba da sanarwar mako 6 kafin mu taɓa reshe ɗaya. Sheƙar tsuntsu da ake kwanci a cikinta kuwa, dokar kare namun daji ta 1981 ta hana a lalata ta.

Wandon nan da ya yi mini buhu-buhu ba na gayu ba ne. A cikinsa akwai dogayen zaruruwa hawa-hawa, da zarar sarƙar inji ta yage shi sai ta jawo su, su cushe mata hanya, ta tsaya cak. Sarƙar nan fa tana gudun kusan mita 20 a sakan ɗaya. Akwai wando mai kariya ta gaba kaɗai, na masu aiki a ƙasa ke nan. Namu na masu hawa kariyarsa ta zagaye ƙafa duka, don a sama inji yana iya zuwa maka ta bayan sha-raɓa. Igiyoyi da ɗamara da ƙugiyoyi, duk wata 6 sai ƙwararre ya bincika su ya sa hannu. Ni ma kullum sai na bi igiyata da yatsu daga farko har ƙarshe, in ji ko ta yi kumburi ko ta fara tsinkewa a wani wuri.

To, bismillah. Na riga na jefa siririn zare ta gwafar can ta sama, na jawo igiya, ni da abokin aikina na ƙasa muka rataya a kanta tare don mu tabbatar za ta ɗauke ni. Za ku ga ban ɗaura ƙayoyin ƙarfe a takalmi ba. Waɗannan sai bishiyar da za a kayar gaba ɗaya, ita wannan da sauran rayuwarta, kowane huji ƙofar cuta ne. Igiya biyu ce a jikina, kowace da inda aka maƙala ta. In ɗaya ta haɗu da sarƙa, ɗayar tana nan.

Yawwa, na iso. Bari in yi numfashi. An turo mini injin, na ƙasa ya riga ya tashe shi ya ɗumama, ya sa birki kafin ya ɗaura a igiya. Ku dube shi da kyau, nan maganata take. Mariƙinsa a sama yake, ba a baya ba kamar na masu yanka katako da kuka sani. An ƙera shi ƙarami don ya shiga tsakanin rassa, kuma ba shi da nauyi, ga shi na ɗaga shi da hannu ɗaya. To nan ne jarabar. Kana sama, ƙafa tana rawa, reshen yana can nesa, sai zuciya ta ce maka miƙa hannun dama ka yanke, na hagu ya riƙe reshen. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar nan, HSE, ta daɗe tana jan kunne a kan haka, don hannun hagun da ya bar inji shi ne yake komawa gaban sarƙa.

Ga dalili. Kun ga bakin ƙarfen nan da sarƙa take zagayawa? Kashinsa na sama, ɗan wurin nan da bai fi faɗin yatsu uku ba, in ya taɓa itace sarƙa tana gudu, injin zabura yake ya yo sama wajen fuskarka, kafin ƙiftawar ido. Wannan maɓallin da ke gaban hannuna na hagu shi ne birki. In injin ya zabura, ko dai ƙarfin zaburar ya sa birkin, ko wuyan hannuna ya buge shi. Da hannu ɗaya kuwa ba ka da ƙarfin danne injin, kuma ba wuyan hannun da zai bugi birki. Shi ya sa kuka ga na ɓata lokaci ina gyara tsayuwa, na sassauta wannan igiya, na ja waccan, na dasa gwiwa a jikin bishiya. Sai na ji zan iya sakin hannuwana duka biyu ban karkace ba, sannan in cire birki. In tsayuwa ta ƙi, ga ƙaramin zarton hannu na Silky a ƙuguna, shi zan zaro. Ni dai a ganina gwani a wannan sana'a ba a sauri ake gane shi ba, a tsayuwa ake gane shi.

Yanzu reshen gareji. Ba a tunkarar sa daga gindi, daga can ƙarshe ake faro shi gutsure-gutsure. Reshen da ya miƙe haka, samansa a ɗame yake, ƙasansa kuma a matse saboda nauyi. In ka faro daga sama kawai, kafin ka gama zai karye ya ɓare ɓawo har jikin uwar bishiya. In ka zurfafa daga ƙasa kuma, bakin yankan zai rufe ya cije maka ƙarfe. Saboda haka ina fara yanka ta ƙasa kaɗan, bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa ba, sannan in zo ta sama. Ku lura da inda na sa na saman, ɗan kusa da ni ne, ba can waje ba. In ka sa shi ta waje, guntun da zai faɗi yana iya kama ƙarfen ya tafi maka da inji. Don irin haka ne igiyar da ke ɗaure da injin aka yi ta yadda za ta tsinke da kanta in nauyi ya yi yawa, kada ta fizgo ni.

Na ƙasa, ka ji ni? Ya ɗaga hannu, ya matsa. Ban taɓa sakin komai ba sai na ji amsarsa.

Ga wani salo, na guntayen da ba na so su faɗi kan rufi. Na yanka ta nan, na yanka ta can, yankan biyu sun gota juna kaɗan, guntun yana nan tsaye a kan ɗan siririn itace. Na sa birki, na rataye inji a ɗamara, sannan na kama guntun da hannu biyu na ɓalle shi, ƙas, na jefa inda ciyawa take. Ba a yanka da riƙewa a lokaci ɗaya. Manyan kuma igiya muke ɗaura musu, na ƙasa ya sauke su a hankali. Wanda nake so ya karkata wani gefe, sai in cire masa ɗan ɓari ta wannan gefen, in zo ta baya in yanka, in bar ɗan itace a tsakani. Wannan da na bari shi ne linzami, in ka tsinke shi reshe ya tafi inda ya ga dama.

Saura yanka na ƙarshe, wanda mai gida zai riƙa gani shekara da shekaru. Kun ga wannan ƙullutun da ya zagaye gindin reshe? Daga wajensa kaɗan ake yanka, ba a shafe shi, ba a kuma barin dogon kututture. Da can a nan ma shafewa suke yi daidai da jikin bishiya su shafa fenti. Wani Ba'amurke masanin daji, Alex Shigo, wanda ya tsattsaga dubban bishiyoyi yana duba cikinsu, shi ya nuna cewa bishiya ba warkewa take kamar jikin mutum ba, katange ciwon take daga ciki, kuma ƙullutun nan ne ke fara aikin. Fentin bai hana ruɓa ba. In na tuna yadda ake datse dogonyaro a bakin titunanmu da adda, a bar shi da ɓawo a yage, abin yana damuna, duk da shi dogonyaro akwai juriya, ba a jimawa ya sake tofowa.

Daga nan sama ina hango kayan da na ƙasa ya ajiye a gindi. Ɗamararsa ce da igiyarsa, a shirye. Shi ma yana da takardar hawa, don in na ji rauni a nan, kafin motar asibiti ta iso shi ne zai hau ya sauko da ni, kuma wanda ya suma yana rataye a ɗamara ba a barin sa ya jima. A ƙuguna akwai ƙaramar jaka mai bandeji da abin ɗaure jijiya, a inda hannu ɗaya zai kai.

Bari in juya muku kyamara ku ga wancan a ƙarshen shinge. Bishiyar ash ce, kun ga samanta duk busassun tsinke? Wata cuta ce da aka fara tabbatar da ita a Birtaniya a 2012, ta bi ƙasar nan tana kashe irin wannan bishiya. Mai gidan ya so mu haɗa da ita yau, ogana ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa gindin, ya ce a'a. Itacenta in cutar ta ci shi gautsi yake yi. Linzamin nan da na nuna muku ba ya riƙewa, ɓallewa yake tun ba ka shirya ba, gwafar da ka maƙala igiya ma ba abin yarda ba ce. Mota mai kwando za a kawo ranar Alhamis, daga cikin kwandon za a yanka ta, kuma in Allah ya kai mu zan ɗauko muku. Yanzu dai saura rassan gefen titi, batirin kyamara kuma ya fara ja. Sai an jima.