"Hajiya, kin gane?": auna fahimtar masu hawan jini da ciwon suga

Laccar da wata ma'aikaciyar jinya ta gabatar a Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum. Iyayena maza da mata, malamai, sannunku da zuwa.

Duk wanda ya taɓa zaman benci a asibiti ya san yadda ake rabuwa da likita. Ya ce, "Hajiya, kin gane?" Ta ce, "Na gane, likita." Yo wa zai ce bai gane ba, ga mutum hamsin a waje suna jiran layi? Kunya ce ta ba da amsar. Ciwon kuma ba na kwana uku ba ne. Mai hawan jini minti biyar yake yi gabanmu, sauran watan shi ne likitan kansa a gida.

Shi ya sa masana suka ƙirƙiro ma'auni. A Amurka akwai REALM: kalmomin asibiti 66 na Turanci, a miƙa maka ka karanta a fili. A 2005 aka fito da Newest Vital Sign, bayanin da ke jikin kwalin askirim ne da tambayoyi 6. Na Ostireliya, HLQ na 2013, tambayoyi 44 ne, kuma ya fi kwanta mini, don yana tambayar ko kana da mai taimakonka, ko kana iya buɗe baki ka tambayi likita.

Amma ku kawo REALM nan Zango. Wani dattijo nake dubawa, almajirin gaske, Larabci da ajami kamar ruwa. Da wannan gwajin sifili zai ci. Ranar da na ce ya zazzage ledar maganinsa a tebur, sai ya ware su ɗaya bayan ɗaya: wannan ta suga ce, tare da abinci; wannan ƙaramar ta jini ce, kullum bayan asuba. Ya san idan awon jini ya kai 140 bisa 90 akwai magana. A makon kuma na ga ɗan boko, Turanci radau, ya ajiye amlodipine, maganinsa na hawan jini, don ciwon kai ya tafi. Wanne ya gane a cikinsu? Turanci gwajin ya auna.

Ni dai yanzu na bar tambayar "ka gane?" Cewa nake, "Baba, idan ka koma gida Hajiya ta tambaye ka me aka ce, me za ka faɗa mata?" Da Hausa ko Twi, duk wanda ya fi masa sauƙi. Idan ya kuskure, bayanina ne bai fita ba, sai in sake. Sannan in tambayi sukari nawa ake zubawa a kokon safe, yaushe katin inshorar lafiya na NHIS zai ƙare, kuma "sau biyu a rana" da aka rubuta a ambulan, yaya za a yi da shi in azumi ya kama. Wannan ta ƙarshen, ku zo mu tsara tun Sha'aban.

Hajiya ta can baya, na ga hannunki. Bismillah.