Riba a Takarda, Aljihu Babu Komai: Lacca kan Kasafi da Shige da Ficen Kuɗi a Ƙaramar Sana'a

Jama'a, barkanku da zuwa. Abin da za mu tattauna a yau shi ne dalilin da ya sa ɗan kasuwa yake cin riba a kan duk abin da ya sayar, amma idan ranar biyan haya ko albashin ma'aikata ta zo sai ya rasa abin da zai bayar. Da yawa idan suka ga haka sai su ɗora wa kasuwa laifi, alhali sau da yawa ciniki yana tafiya lafiya lau, matsalar ita ce ranar shigowar kuɗi ba ta dace da ranar fitarsu ba.

Bari mu yi lissafin tare, domin a nan ne maganar take. A ce ka saro kaya a kan 100, kana sayarwa a kan 125. Kayan sukan yi kwana 40 a ajiye kafin su fita, wanda ya ɗauka bashi kuma sai bayan kwana 30 yake biya, amma wanda ka saro a hannunsa kwana 20 kacal ya ba ka. Idan ka haɗa 40 da 30 ka sami 70, ka cire 20, saura 50. Wato kwana 50 ke nan kuɗinka suna ɗaure a cikin kaya da hannun mutane, kuma a cikin kwanakin nan mai gida ba zai jira haya ba, ma'aikaci ma ba zai jira albashi ba. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne idan ciniki ya ninka, kuɗin da ke ɗaure su ma sai su ninka, shi ya sa wasu suke karyewa a daidai lokacin da kowa yake ganin kasuwa ta buɗe musu.

Waɗannan lambobi uku, wato kwana 40 da 30 da 20, duka ana iya taɓa su. Kayan da suka yi kwantai gara a karya farashinsu a maido da jari ya ci gaba da juyawa, maimakon a zauna ana jiran tsohon farashi saboda ƙin faɗuwa. Batun bashi kuwa, an ce hanji ne, yana cikin kowa, don haka ba na cewa ku daina bayarwa. Ina cewa kowane bashi ya kasance da wa'adi a rubuce, a karɓi kafin alƙalami idan aikin babba ne, sannan a ware masu bashi gwargwadon daɗewarsa: waɗanda ba su kai kwana 30 ba, waɗanda suka kai 60, da waɗanda suka haura 90. Gwargwadon yadda bashi ya tsufa, gwargwadon wahalar karɓo shi. Kuma idan mai sari ya ce zai rage maka kashi 2 cikin ɗari muddin ka biya cikin kwana 10 maimakon 30, kada ka raina tayin, domin idan aka auna shi a kan shekara ya kai kusan kashi 37 cikin ɗari. Amma ka tuna tsadarsa ke nan idan kai ne za ka yi wa wani irin wannan ragin.

Shi kasafi, farkonsa shi ne raba kashe-kashe gida biyu: waɗanda za ka biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba, irin su haya da albashi, da waɗanda suke hawa da sauka tare da ciniki, irin su sari da dakon kaya. Idan na farkon sun kai 2,000 a wata, ribarka a kan kowane kaya kuma 25 ce, to sai ka sayar da guda 80 kafin ka fara cin komai. Ga wata tuntuɓe da na ga tana kayar da mutane: 25 a kan 100 kashi 25 ne na kuɗin sari, amma kashi 20 ne kawai na kuɗin sayarwa, saboda haka wanda ya yi ragin kashi 20 yana zaton akwai sauran riba, a gaskiya ya sayar a kan uwar kuɗi. Abubuwan da suke zuwa sau ɗaya a shekara, kamar haraji da sabunta lasisi da gyaran inji, a raba su gida 12 a riƙa warewa duk wata. Shi ma mai sana'a ya yanka wa kansa albashi, ya raba asusun gida da na sana'a, domin hannun da yake shiga akwatin kuɗi ba tare da rubutu ba shi ne yake cinye jari ba a sani ba.

Abin da na fi so ku koma da shi shi ne hasashen makonni 13, wato wata uku. Ku sami takarda ko kwamfuta, kowane mako ku ba shi layi huɗu: abin da ke hannu a farkon mako, abin da zai shigo, abin da zai fita, da abin da zai rage. Sharaɗin shi ne ku rubuta kuɗi a makon da kuka san za su iso, ba makon da aka yi muku alkawari ba. Wanda ya saba jinkirin mako biyu, ku lissafa masa jinkirinsa. Duk ƙarshen mako ku gwada hasashe da abin da ya faru, ku gyara, ku ƙara sabon mako a gaba. Idan takardar ta nuna giɓi a mako na bakwai, kuna da makonni shida na bin bashi, ko rage sari, ko roƙon mai kaya ya ƙara wa'adi tun kafin ranar biya ta zo.