Jawabin Maraba ga Farfesa, Babbar Baƙuwa a Taron Bitar Masu Kula da Masu Shaye-shaye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, ranki ya daɗe Farfesa babbar baƙuwarmu, shugabannin asibitoci da cibiyoyin farfaɗo da masu shaye-shaye, likitoci, ma'aikatan jinya, masu ba da shawara, iyayenmu da suka amsa gayyata, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da warhaka.

A madadin ma'aikatan wannan cibiya da abokan aikin da suka hallara, ina yi wa Farfesa lale marhabin. Sannu da zuwa, sannu da hanya.

Baƙuwarmu masaniyar halayyar ɗan Adam ce. Da ta so, da ta zauna a jami'a tana bincike da rubuce-rubuce, ba mai cewa ta gaza. Sai ta zaɓi aikin da ya fi wahala, ga ƙarancin yabo: ta ɗauko abin da bincike ya tabbatar yana taimakon mai shaye-shaye, ta kai shi har ɗakin da ma'aikaci yake zaune da majinyacinsa. A kan haka shekarun aikinta suka tafi, daga wannan asibiti zuwa wancan, tana koyarwa, tana sauraro, tana komawa ta ga ko abin ya zauna.

Aikin nan ba ƙarami ba ne. Rahoton 2024 na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce mutum miliyan 292 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a 2022, kuma miliyan 64 daga cikinsu abin ya zame musu ciwo. A cikin kowane 11 ɗaya ne kawai yake samun magani. Wanda ma ya samu, wane iri ya samu? Wannan tambaya ita ce ta hana Farfesa zama.

Domin ilimin dai akwai shi, kuma ya daɗe. Tun 1965 Vincent Dole da Marie Nyswander suka nuna a birnin Niyok cewa maganin metadon yana tsamo masu jarabar hiroyin su koma harkokinsu, amma sai a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi, tare da bufrenofin, a jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. Shekara arba'in ke nan. A farkon shekarun 1990 Stephen Higgins na Jami'ar Vermont ya gwada ba masu shan hodar iblis ɗan tukuici duk lokacin da gwajin fitsarinsu ya fito babu ƙwaya, aka ga sun fi tsayawa a magani, sun fi daɗewa ba su sha ba. Har yau ma'aikata da yawa ba su taɓa jin wannan hanya ba, waɗansu kuma da sun ji sai su ce ai cin hanci ne. Ban yarda da su ba. Ƙwaya tana biyan mai shanta nan take, lafiya kuwa sai an daɗe ake ganin ribarta, tukuicin nan yana riƙe mutum ne kafin ribar ta iso.

Abin da ya fi taɓa mu, mu da muke zama da majinyata kullum, shi ne yadda muke magana da su. An daɗe ana ɗauka cewa mai shaye-shaye ba ya ji sai an yi masa tsawa, an kunyata shi, an tilasta masa ya amsa cewa shi mashayi ne. A wurare da dama na duniya har kullewa da duka ake haɗawa. William Miller na Jami'ar New Mexico, bayan wata tattaunawa da ya yi da masana halayya a ƙasar Norwe, ya fito a 1983 da wata hanya dabam, wadda ma'aikaci zai yi tambaya ya saurara, ya bar majinyaci ya faɗi da bakinsa dalilin da ya sa yake son ya daina. A 1993 shi da abokan aikinsa suka bi masu shan barasa, suka tarar cewa gwargwadon yadda ma'aikaci ya yi ta ja-in-ja da majinyaci, gwargwadon yawan abin da majinyacin yake sha bayan shekara guda. Iyayenmu da ke nan, ga abin da ya shafe ku. A wani binciken nasu na 1999, iyalan da aka koya wa yadda za su canja mu'amalarsu da ɗan'uwan da ya ƙi zuwa asibiti sun shawo kan kashi 64 cikin ɗari na masu shan suka shiga magani, yayin da hanyar taruwa a ritsa shi da faɗa ta kawo kashi 30.

To me ya hana wannan ilimi isowa? Laifin ba na ma'aikata kaɗai ba ne. Ga cunkoso, ga ƙarancin hannu, ga rashin mai dubawa. Amma akwai wani dalili da Farfesa ta sha nanatawa, kuma bincike ya mara mata baya. A 2004 an bi ma'aikata 140 da aka koya wa hanyar tattaunawar nan ta Miller. Waɗanda aka yi wa bitar kwana biyu aka sallame su sun nuna ƙwarewa da farko, sai abin ya riƙa zubewa cikin watanni. Waɗanda aka ci gaba da sauraron zamansu da majinyata da aka naɗa, ana nuna musu inda suka dace da inda suka kauce, su ne suka fi riƙe abin. An kuma ga cewa yadda ma'aikaci yake ganin ya iya bai cika yin daidai da abin da ake ji a naɗin ba. Ba a zama tela da sauraron lacca, sai an hau keke mai gida yana duba ɗinkin.

Shi ya sa, ranki ya daɗe, ba takardar shaidar halartar bita muke nema a wurinki ba. Roƙonmu na farko shi ne ki saurari zaman da muka naɗa, da izinin majinyatanmu, ki faɗa mana gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Muna kuma roƙo ki zaɓi waɗansu daga cikinmu ki horar da su yadda za su riƙa duba sauran, don kada aikin ya tsaya ranar da kika tafi.

Akwai batun komawa ruwa. Babu abin da ke karya gwiwar ma'aikaci da iyali kamar a ga wanda ya yi watanni a tsaye ya sake sha. Alƙaluman masana sun nuna kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari sukan koma, kusan yadda abin yake ga masu hawan jini da asma, kuma ba wanda yake korar mai hawan jini daga asibiti don jininsa ya sake hawa. Muna so ki koya mana abin da za mu ce, da abin da za mu gyara a tsarin magani, ranar da mutum ya dawo kansa a sunkuye.

Sai mata. Rahoton da na ambata ya ce a cikin maza masu wannan ciwo ɗaya cikin 7 yana samun magani, a cikin mata kuwa ɗaya cikin 18. Kunya da tsoron a raba su da 'ya'yansu suna tsare su a gida. Muna neman shawararki kan yadda ƙofarmu za ta zama wadda mace za ta iya shiga ba tare da fargaba ba.

Ga 'yan'uwana ma'aikata, kowa ya kawo tambayar da ta dame shi, har wadda yake jin nauyin yi. Baƙuwarmu ta saba da irin su.

Farfesa, mun gode da kika amsa gayyatarmu duk da yawan masu nemanki. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya ba majinyatanmu sauƙi, Ya mayar da ke gida lafiya. Mai girma shugaban taro, da izininka ina gayyatar babbar baƙuwarmu ta yi mana jawabi. Bismillah, ranki ya daɗe.