Yadda Ake Sauya Gasket ɗin Murfin Kuloci na Tsohon Babur a Gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kallo, musamman Hausawanmu mazauna Jidda da Makka da Madina. Wannan tabo da kuke gani a kan siminti, mai faɗin tafin hannu, baƙin mai ne da ya ɗiga cikin dare ɗaya daga injin babur ɗin da ke gabanmu. Babur ɗin Honda CG125 ne, samfurin da aka fara fitarwa a tsakiyar shekarun 1970, mai silinda ɗaya, wanda iska ke sanyaya shi ba ruwa ba, kuma bayanin zai dace da yawancin baburan Sin da aka kwaikwayi injinsa. Cikinsa ba ya ɗaukar mai fiye da kimanin lita ɗaya, saboda haka ɗigon da mai mota zai yi wa riƙon sakainar kashi yana iya ƙone wa mai babur inji, balle a zafin Makka da kan haura digiri 45 a lokacin bazara.

Abin da ya gaji a nan shi ne gasket, wato siririyar takarda mai tauri da ake sakawa tsakanin ƙarfe biyu domin ta cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Zafi da sanyi na shekaru suna busar da ita har ta tsage. Idan kuka je Sina'iyya, wato unguwar makanikai, wurin masu sayar da kayan dabbab, kamar yadda ake kiran babur a nan, wajh suke ce mata, ma'ana fuska, kuma sunan ya dace, domin yawancin aikin yau a kan fuskar ƙarfen zai ƙare.

Kafin ku taɓa sifana, ku tabbatar da inda man yake fitowa. Mai yana gangarowa ƙasa, iska kuma tana kora shi baya idan ana tafiya, don haka wurin da ya jiƙe sau da yawa ba shi ne wurin da ya ɓule ba. Ku wanke injin da kananzir da tsohon buroshi, ku bari ya bushe sarai, sannan ku barbaɗa hoda a kan duk mahaɗar ƙarfe, ku tayar da babur na minti goma. Inda hodar ta fara yin baƙi, nan ne bakin zaren. A namu, ga layin nan ya bayyana a ƙasan murfin dama, wanda ke rufe kuloci. Ku duba kuma ƙaramin tiyon da injin ke shaƙar iska ta cikinsa, domin idan ƙura ta toshe shi, iskar da ta taru a ciki za ta tura mai waje ko da gasket ɗin sabo ne dal. Idan kuwa yoyon daga tsakanin kai da silinda yake, kuna jin huci ko babur ya rage ƙarfi, wannan aiki ne na daban mai buƙatar daidaita bawul, kuma shawarata ita ce wanda bai taɓa buɗe inji ba ya kai wa makaniki.

Ku fara aikin bayan sallar Asuba ko bayan La'asar, a inuwa, inda iska ba ta kwaso yashi. Ku ɗan ɗumama injin domin man ya tsinke, ku kashe, ku kafa babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya, ku tara roba, ku kwance murfin zubar da mai. A wannan samfuri akwai sifirin da 'yar rariya a bayansa. Ku wanke ta, ku lura da yadda ta fito domin ta koma haka. Sai ku cire kiki, ku saki wayar kuloci, ku kawar da matakin ƙafa ko salansa idan sun tare hanya.

Yanzu ku dubi wannan kwali. Na zana siffar murfin a kansa, kuma duk notin da na kwance ina soka shi a daidai gurbinsa a zanen, saboda tsawonsu ba ɗaya ba ne. Dogon noti a gajeren rami yana iya fasa jikin injin, gajere kuma a dogon rami zai cinye zaren ramin. Mu mazauna Jidda mun san abin da danshin teku ke yi wa ƙarfe, don haka notin da ya ƙi motsi a fesa masa man sassauta tsatsa a ba shi lokaci, kada a yi masa ƙarfi har kansa ya guntule. Idan murfin ya manne, ku bubbuga gefensa a hankali da gudumar roba ko guntun katako. Kada ku cusa sukuddireba a tsakani ku banƙare, domin murfin da jikin injin duk alminiyam ne, ƙarfe mai taushi, kuma ƙarzanen da kuka yi masa a daƙiƙa ɗaya zai zama sabuwar hanyar mai. Yayin zarewa ku danne sandar kiki da babban yatsa kada ta biyo murfin, ku kuma nemi washar da kan manne a ciki, da ƙananan bututun ƙarfe guda biyu da ke daidaita zaman murfin.

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne mutane suka fi gajen haƙuri. Tsohon gasket ba ya fita gaba ɗaya. Yana barin ɓawo mai tauri manne da ƙarfe, musamman a kewayen ramukan noti. Ku toshe cikin injin da tsumma mai tsabta kada ɓurɓushi ya faɗa, ku jiƙa ɓawon da kananzir, ku kankare da abin kankara na roba ko tsohon katin waya. Idan dole sai da reza, ku kwantar da ita sosai, ku tura ta a hankali kamar mai fere lemo. Ban yarda da amfani da samfefa a bushe ba, saboda tana cin fuskar ƙarfen ba daidai ba, sannan wasu tsofaffin gasket an yi su ne da asbestos, wanda ƙurarsa ke illata huhu. Wannan kankara ta ɗauke ni kusan awa ɗaya, fiye da kwancewa da ɗaurewa a haɗe. Idan kun gama, ku rufe ido ku bi fuskar da ɗan yatsa. Duk inda farce ya maƙale, da sauran aiki. Daga nan ku goge fuskokin biyu har tsumma ya fito fari.

Tun da murfin yana buɗe, ga wani abu da bai kamata a wuce shi ba. Wannan zagayayyen ƙoƙo a bakin sandar injin, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, shi ne matatar mai. CG125 ba shi da filta ta takarda. Juyawar ƙoƙon ce ke wurga datti gefe ya daskare. Ku buɗe murfinsa ku kwashe baƙin laka da ya taru, kamar wannan da na ciro da bakin cokali.

Sai maganar gam ɗin silikon, wanda na ga ana lafta shi kamar man shanu a kan biredi. Idan fuskar ta yi sumul, sabon gasket ba ya buƙatarsa. Gam ɗin da ya yi yawa yana matsewa ya ɓullo ta ciki, ya guntule ya bi mai, kuma a cikin wannan murfi akwai siririyar hanyar da mai ke bi zuwa sandar injin. Idan ta toshe, asarar ta wuce kuɗin gasket nesa ba kusa ba. Ɗan shafen giris ya isa ya riƙe takardar a wurinta. Ku gwada sabon a kan murfin tukuna, ku tabbatar kowane rami ya hau kan ɗan'uwansa.

Ku mayar da bututun nan biyu, ku ɗora gasket, ku tura murfin a miƙe har ya zauna da kansa ba tare da duka ba. Ku fara ɗaura kowane noti da yatsu, sannan ku bi su da sifana a gicciye, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, zagaye biyu ko uku. Irin waɗannan notuna masu kaurin milimita 6 ba sa son ɗauri fiye da kimanin Nm 10 zuwa 12 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, wato ƙarfin wuyan hannu ne kawai, ba na kafaɗa ba.

Ku zuba sabon mai na babur, wanda ke da alamar JASO MA a jikin galan, domin kulocin yana wanka ne a cikin man, kuma wasu mayukan mota suna sa shi santsi. Ku auna da sandar gwaji babur yana tsaye a miƙe. Tsohon man kuma ku zuba a jarka ku kai wa masu banshar, wato masu facin taya, da ke sauya mai, kada ya shiga magudana. Ku daidaita wayar kuloci, ku tayar da injin na minti biyar kuna kallon mahaɗar, ku kashe, ku sake auna mai. Da dare ku shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin babur, da safe ku duba shi, bayan tafiyar kwana biyu kuma ku sake bin notunan da sifana injin yana sanyi, saboda sabuwar takarda takan ɗan kwanta bayan ta sha zafi.