Idan Aƙidarka Ta Ci Karo Da Sharaɗin Mai Ɗaukar Aiki

(Laccar da aka gabatar wa ɗaliban ajin ƙarshe a Katsina, an rubuto ta daga faifan da aka naɗa)

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? Madalla. Abu uku zan faɗa, in shugaban taro ya bar ni.

Na farko. Kun kusa fita, za ku yi bautar ƙasa, sannan a shiga yawo da takardu cikin ambulan. Wata rana za a kira ka intabiyu a wurin da bai kwanta maka ba. Kafin ka ce haramun ne, tsaya ka rarrabe. Akwai aikin da shi kansa ne matsalar, kamar tallar giya ko caca ta waya. Wannan ba ya buƙatar lacca. Akwai kuma aikin da halas ne, masu wurin ne kawai ba irinka ba. Ku duba Suratu Yusuf aya ta 55: Annabi Yusuf da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi kan taskokin ƙasa, alhali sarkin ba a kan addininsa yake ba. Aikin ya duba, tara hatsi don shekara bakwai na fari.

Na san banki ne a ranku. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya la'anci mai cin riba, da mai ba da ita, da marubucinta, da shaidunta biyu. Marubucinta, kun ji ko? Saboda haka a wane teburi za a ajiye ka? Kan mai gadi da direba da mai gyaran kwamfuta malamai sun yi saɓani, je ka tambayi wanda ka amince da iliminsa. Yanzu ma da sauƙi, akwai bankunan da ba sa mu'amala da riba: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Mu da muka gama makaranta babu ko ɗaya.

To amma ga abin da ya kawo ni. Muna zuba ido kan kamfanin Bature da ƙungiyoyin agaji, shin za a sa ni gaisawa da mace hannu da hannu. Tambaya ce mai kyau. Amma wanda zai fi gwada imaninka sau da yawa ɗan garinku ne. Alhaji ne, sahun farko, carbi ba ya barin hannunsa. Ya ɗauke ka akanta ko mai kula da sito. Mota ta sauke siminti buhu 150, sai ya leƙo ya ce, "Yaro, rubuta 200." Babu giya a wurin, babu riba, ranar Juma'a ma tare za ku tafi masallaci a motarsa, da sanyin na'ura. (dariya) Kuna dariya, wallahi wannan ita ce jarrabawar. Rasit ɗin ƙarya! Sai ka ga yaro ya ƙi aiki saboda an ce ya rage gemu, amma ya zauna shekara da shekaru yana ƙara sifili a takarda, ransa bai taɓa sosuwa ba. Ban ce gemu ba komai ba ne, kada a fita a ce Malam ya ce. Cewa na yi, "rubuta 200" ma aƙida ce ake taɓawa. Kuma ranar da bincike ya zo, sa hannun wa ke jikin takardar? Naka. Alhaji yana Umara.

Na huɗu... a'a, na nawa muke? To, na gaba. Ka yi tambaya kafin ka sa hannu: lokacin sallar Juma'a, sutura, ainihin aikin da za ka riƙa yi. Musulmi suna kan sharuɗɗansu, in ka amince ka ɗaure kanka. Doka kuma tana nan: sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin addini, na 42 ya hana wariya. Firdaus Amasa an hana ta rantsuwar zama lauya a Disambar 2017 saboda hijabi, ta tsaya, aka rantsar da ita a Yulin 2018. Kotun Ƙoli ta halatta hijabi a makarantun gwamnatin Legas a 2022. Sai dai a kamfani mai zaman kansa, abin da ka sa wa hannu za a fara dubawa.

Na ga hannu. Bismillah, 'yata.

(Wata ɗaliba ta ce: Malam, in Baba ne ya sha wahala ya samo mini aikin, ni kuma raina bai natsu da shi ba?)

Kai, wannan ta fi laccar tawa nauyi. Kada ki aika masa saƙo a waya, kada kuma ki tare shi da aya kamar kina yi masa wa'azi. Ya zubar da girmansa a ofis-ofis kafin a ba shi gurbin nan. Ki fara tabbatarwa cewa aikin ne ba ya halatta, ba tsoron barin Katsina ne ya saka rawani ba. In ya tabbata, ki samu kawunki ko limamin unguwarku, wanda Baba ke jin nauyinsa, ku je tare bayan Isha'i. Kuma kada ki je hannu rabbana, ki tafi da wani abin da za ki yi a madadinsa, ko koyarwa ce a makarantar unguwa. Akwai wata tambayar? Ɗaya kawai, daga ɓangaren maza.